Tambayi Likitan Dabbobi: Me Ya Hana A Yi Wa Cututtukan Kaska Allura Ɗaya?

Wasiƙu uku na zaɓo a wannan fitowar, kuma duka a kan kaska suke. Ta farko za ta fi cin wuri, don ni kaina na daɗe ina juya tambayar da ke cikinta.

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni ɗalibi ne mai karatun lafiyar dabbobi, mahaifina kuma makiyayi ne. An koya mana cewa bakteriyar da kaska ke sa wa shanu 'yan gida ɗaya ne, har furotin ɗin da ke bayan jikinsu ma kama suke yi da juna. Da na ba mahaifina labari sai ya ce, to me ya hana a ɗauko abin da suka yi tarayya a kansa a yi allurar rigakafi guda ɗaya, kowa ya huta? Na rasa amsar da zan ba shi.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Ka gaishe min da Baba, ka faɗa masa tambayar nan tasa ita masana suka kwashe sama da shekara 30 suna bi a ɗakunan bincike.

Mu fara ware abin da muke magana a kai. Babesia mai sa fitsarin jini, da Theileria, duk kaska ke kawo su, amma su ba bakteriya ba ne, wata halitta ce daban, sai mu ajiye su gefe. Manyan da suka rage mana biyu ne. Akwai Anaplasma marginale mai shiga jajayen ƙwayoyin jini, akwai kuma Ehrlichia ruminantium mai kawo ciwon ruwan zuciya, wadda ke zama a cikin ƙwayoyin da suka shimfiɗe cikin jijiyoyin jini, musamman na ƙwaƙwalwa.

Ban manta ranar da na fara ganin Anaplasma da idona ba. Saniya ce babba, mai shayarwa. Na buɗe bakinta na ga dasashi fari fat, fatar ido ta soma yin rawaya, kashinta ya bushe ya yi tauri, tana haki ko da ba ta yi tafiya ba. Fitsarinta kuwa garau, babu ja. Muka tsaga gefen kunne muka ɗauki ɗigon jini, aka shafa a gilashi, aka rina da wani rini da ake kira Giemsa. Da na sa ido a madubin likita sai ga ƙwayoyin jini birjik, kuma a bakin da yawa daga cikinsu akwai ɗan ɗigo mai duhu, kamar an taɓa da tsinin allura mai tawada. Wannan zama a gefe shi ya ba ta suna marginale. Arnold Theiler ne ya bayyana ta a Afirka ta Kudu a 1910. Shekara ɗaya bayan haka ya ga wata 'yar'uwarta da ɗigonta ke zama a tsakiyar ƙwayar jini, ba ta kuma cika yin ɓarna ba, ya kira ta centrale. Ka riƙe sunan nan, za mu dawo kansa. Dalilin da ya sa fitsarin saniyar bai yi ja ba shi ne ƙwayoyin jinin ba a cikin jijiya suke fashewa ba, saifa ce ke tsince waɗanda suka kamu tana cinyewa, har ta haɗa da masu lafiya.

Ita ta ruwan zuciya, Edmund Cowdry ne ya gano ta a 1925, shi ya sa tsofaffin littattafai ke kiranta Cowdria. A 2001 aka sake tsara dangin gaba ɗaya bisa abin da ƙwayoyin gadonsu suka nuna, aka mai da ita cikin Ehrlichia, aka kuma tattara su duka ƙarƙashin gida ɗaya, Anaplasmataceae. Saboda haka malamanku gaskiya suka faɗa. Furotin ɗin da ya fi yawa a bayan Anaplasma marginale, wanda ake kira MSP2, da MAP1 na Ehrlichia ruminantium, da P44 na Anaplasma phagocytophilum mai kama tumaki da shanu da mutane, da P28 na Ehrlichia chaffeensis, duk tushensu ɗaya. Idan ka jera tsarinsu a kwamfuta za ka ga kamannin nan da nan.

Amma kama da wane ba wane ba ne. Garkuwar jiki ba dukan furotin take gani ba. Wani ɗan yanki take kamawa, wanda ya leƙo waje, kuma a daidai nan ne 'yan dangin suka sha bamban. Ɓangaren da suka yi tarayya a kansa galibi shi ne wanda ke binne a cikin fatar bakteriyar, inda sinadaran garkuwa ba sa kaiwa. Shi ya sa saniyar da ta warke daga Anaplasma za ta iya faɗuwa da ruwan zuciya a wata mai zuwa, kamar ba ta taɓa ganin ɗan gidan ba.

MSP2 ya cancanci a daɗe a kansa, don shi ne ya fi ba masu bincike wahala. Farkonsa da ƙarshensa ba sa canzawa, tsakiyarsa ce ke canzawa, kuma tsakiyar ce ke fuskantar waje. Da aka kammala karanta kundin gadon Anaplasma marginale a 2005, a Jami'ar Jihar Washington ta Amurka, ƙarƙashin Kelly Brayton da abokan aikinta, sai aka ga ƙaramin kundi ne, haruffa kimanin miliyan 1.2, ƙwayoyin gado ba su kai 1,000 ba. A cikinsa wuri ɗaya tak ake sarrafa MSP2, amma a warwatse akwai wasu guntayen kwafi a ajiye, ba su kai 10 ba. Bakteriyar takan ɗebo yanki daga wannan kwafi, ta ɗebo daga wancan, ta liƙa a wurin sarrafawa, sai ga sabuwar fuska. Daga 'yan guntayen nan take haɗa fuskoki masu ɗimbin yawa. Jikin saniya zai ɗauki makonni yana haɗa garkuwar da ta dace da fuskar farko, ya share mafi yawansu, amma kafin nan wasu 'yan kaɗan sun riga sun sauya. Su sai su hayayyafa. Haka ake ta yi, yawansu a jini ya hau ya sauka duk bayan mako 6 zuwa 8, har ƙarshen ran dabbar. MSP3, wani furotin na bayan bakteriyar, shi ma haka yake yi. Abin da ya fi damuna a matsayina na likita shi ne, waɗannan biyun su ne garkuwar jiki ta fi mai da hankali a kansu. Ƙarfinta yana ƙarewa a kan abin da gobe zai sauya.

Sai aka ce to a gwada MSP1a, wanda bakteriyar ke amfani da shi wajen manne wa ƙwayar jini da hanjin kaska. Shi ba ya sauyawa a cikin dabba ɗaya. Amma a bakinsa akwai wani jeri na amino asid (tubalan da ake gina furotin da su) kusan 28 ko 29 da ke maimaita kansa, kuma wannan jerin ya bambanta daga iri zuwa iri. An samu salo ɗaruruwa a duniya, har ma da shi ake tantance irin Anaplasma da ke cikin garke, kuma garke ɗaya na iya ɗauke da iri da yawa. MSP5 kuwa kusan ɗaya yake a ko'ina, a marginale da centrale da sauran 'yan'uwansu, jiki kuma yana yi masa garkuwa sosai, amma garkuwar ba ta kare dabba. Ya zama kayan gwajin jini, kamar yadda za ka gani a wasiƙa ta biyu.

Abin da ya hana masana yanke ƙauna wani gwaji ne na farkon shekarun 1990. An ɓare fatar waje ta bakteriyar gaba ɗayanta, aka tace, aka yi wa maruƙa allura da ita, sannan aka sa musu cutar. Suka samu kariya mai kyau, wasunsu ma ba a ga cutar a jininsu ba. Wato amsar tana cikin fatar. Matsalar ita ce ba za a iya yin irin wannan allura ga miliyoyin shanu ba, don daga jinin dabbar da ta kamu ake samo bakteriyar, aikin tacewa kuma yana da tsada da wahala. Ga haɗarin ɓurɓushin jinin. Tsohuwar allurar matattun ƙwayoyi da aka yi amfani da ita a Amurka ta taɓa jawo wannan: saniya ta yi garkuwa ga jinin wata dabba da ya biyo allurar, maraƙi ya sha dakashi, garkuwar uwarsa ta shiga fasa masa jini.

Don haka aka koma tambayar mene ne a cikin fatar nan yake ba da kariyar. Da aka bincika jinin shanun da suka samu kariya sai aka ga yana gane furotin sama da 20, kuma da yawansu ƙanana ne marasa yawa, waɗanda a kamuwa ta yau da kullum jiki ba ya ko kula su. A cikinsu akwai sassan wani bututu da bakteriyar ke amfani da shi tana tura sinadaranta cikin ƙwayar da ta shiga, irin su VirB9 da VirB10. Akwai OmpA da Asp14, waɗanda aka nuna a Anaplasma phagocytophilum cewa da su take kama ƙwaya ta kutsa ciki. Waɗannan su ne abin tarayyar da Baba yake nufi. Ba sa sauyawa da yawa, don aiki suke yi, in bakteriyar ta sauya su ta lalata kayan aikinta. Duk dangin suna da bututun nan, har da ta ruwan zuciya.

Nan ma sai da aka sha mamaki. A wani gwaji da aka wallafa a 2015, an sarrafa takwarorin OmpA da Asp14 na Anaplasma marginale a ɗakin bincike, aka yi wa shanu allura da su. Jikinsu ya yi garkuwa ga furotin ɗin. Amma da aka sa musu cutar, ciwonsu ya fi na waɗanda ba a ba furotin ɗin ba tsanani. Ni a ganina darasin wannan gwaji ya fi na gwaje-gwaje da yawa da suka yi nasara. Furotin a jikin bakteriya naɗe yake da wata siffa, yana jingine da maƙwabtansa. Idan ka ciro shi shi kaɗai, ka sarrafa shi a cikin wata bakteriya, siffar na iya canzawa, garkuwar da za a samu ta zama ta wani abu daban. Akwai kuma batun irin garkuwar: a shanu, kariya daga Anaplasma tana tafiya ne da wani rukuni na sinadaran garkuwa da ake kira IgG2, tare da wasu fararen ƙwayoyin jini da ake kira ƙwayoyin T masu taimako, kuma mahaɗin da aka zuba a allurar don ya zaburar da jiki yana da hannu a wace iri za a samu. An ma gwada ɗaure furotin na bayan bakteriyar da juna yadda suke a zaune kafin a ciro su, wannan ƙullin kuwa ya ba da kariya.

Yanzu mu koma kan centrale ta Theiler. Ita ce hujjar da ta fi kowace ƙarfi cewa tunanin mahaifinka yana kan hanya. Fiye da shekara 100 ke nan ana ɗaukar jinin da ke ɗauke da ita ana sa wa maruƙa, su yi ɗan zazzaɓi su warke, daga nan in marginale ta zo ba ta kayar da su. Har yau ana yin ta a Afirka ta Kudu da Ostireliya da Isra'ila da Ajantina. A Ostireliya ma haɗa ta ake yi da Babesia iri biyu da aka raunana, a allura ɗaya. Jinsi daban ce, amma tana kare dabba daga 'yar'uwarta saboda furotin na tarayya, kuma da aka karanta kundin gadonta a 2010 aka samu damar jera su a ga waɗanne ne suka yi daidai. Sai dai tana da nata sharuɗɗan. Ba ta hana kamuwa, tsananin ciwon take ragewa. Garkuwar na ɗaukar mako 6 zuwa 8 kafin ta kafu. An fi son a yi wa maruƙan da ba su wuce wata 9 ba, don babbar dabba na iya yin ciwo da ita. Dole a riƙe ta cikin sanyi, kuma tunda jini ne, yana iya ɗauko wata cutar, abin da ya sa Amurka ba ta amince da ita ba. An kuma samu wuraren da irin marginale na yankin ya fi ƙarfinta, kamar yadda aka gani a Zimbabwe.

Ta ruwan zuciya ta fi wannan wuya. Allurar da ake sayarwa daga Onderstepoort, cibiyar allurar dabbobi ta Afirka ta Kudu, jinin tunkiya ne mai ɗauke da iri mai rai da ake kira Ball 3. A jijiya ake sa ta, a riƙa auna zafin jikin dabbar kullum, da zazzaɓi ya taso a ba ta oksitetrasaikilin, maganin kashe bakteriya. Ko a cikin jinsin nan guda ɗaya, Ball 3 ba ta kare dabba daga dukan ire-irensa. In har allura ta kasa rufe 'yan ɗaki ɗaya, ka ga nisan da ke tsakaninmu da wadda za ta rufe dukan gidan. Tun da aka iya noma ƙwayar a ɗakin bincike a 1985 an raunana wasu ire-ire ta hanyar yawan dasa su, kamar na Senegal da na Welgevonden na Afirka ta Kudu, kuma sun nuna alheri a gwaji.

Ra'ayina shi ne, abin da zai fara isowa hannun makiyayi allura ce mai kyau ga kowace cuta ita kaɗai, wataƙila daga baya a haɗa su a kwalba ɗaya kamar yadda Ostireliya ta yi. Na fi sa rai ga hanyoyi biyu: bakteriya mai rai da aka cire mata wata ƙwayar gado don ta kasa yin ɓarna, wadda ake gwadawa a kan marginale a Amurka, da kuma haɗa ƙananan furotin ɗin nan da yawa wuri ɗaya cikin siffarsu ta asali. Akwai kuma masu cewa a bar bakteriyar a nufi kaskar kanta. An yi hakan da furotin Bm86 na hanjin kaska, wanda Kuba ke sarrafawa da sunan Gavac, yana rage yawan kaskar shanu da ake kira Rhipicephalus microplus da ƙwan da take yi, amma bai yi wa kaskar Amblyomma mai kawo ruwan zuciya wani abin kirki ba.

Tambaya: Likita, barka da aiki. Na sayo karsana biyu, aka ɗebi jininsu aka kai gwaji, sakamako ya ce suna da Anaplasma. Amma lafiyarsu lau, suna ci suna sha. Gwajin ne ya yi kuskure, ko in fara yi musu allura?

Amsa: Barka kadai, Alhaji. Mai yiwuwa gwajin bai yi kuskure ba, sai dai a san abin da yake aunawa. Wanda aka fi yi yana neman garkuwar da jiki ya yi wa MSP5 ne, furotin ɗin da na ce kusan ɗaya yake a duk Anaplasma. Saboda haka zai amsa ga dabbar da ta taɓa kamuwa da marginale ta warke, da wadda aka yi wa rigakafin centrale, har da wadda ta gamu da phagocytophilum. Bai iya rarrabe su. In ana son a san wace ce, sai gwajin PCR mai neman ƙwayar gadon kanta. Irin wannan ruɗani ya taɓa faruwa da gwajin ruwan zuciya: MAP1 yana amsawa ga wasu Ehrlichia marasa cutarwa, har aka riƙa samun sakamako a wuraren da babu ma kaskar da ke ɗaukar cutar, sai da aka yanko ɗan yankin furotin ɗin da ya fi keɓanta aka sake gina gwajin a kansa.

Abin da za ka duba shi ne garken da za su shiga. Idan shanunka sun taso cikin kaska, mafi yawansu ma haka jininsu zai nuna, kuma wannan ɗaukar da suke yi ita ce kariyarsu. Kada ka ɓata magani. Oksitetrasaikilin yana ceton dabbar da ke cikin ciwo, amma ba kasafai yake share ƙwayar daga jiki kwata-kwata ba, kuma in ma ya share, dabbar na iya sake kamuwa. Idan kuwa garkenka tsabtatacce ne, manyan shanu ne da ba su taɓa gamuwa da cutar ba, to karsanan nan haɗari ne gare su. Maraƙi yakan kamu ya wuce ba a ma sani ba, amma a dabbar da ta haura shekara 2 mutuwa na iya kai kashi 30 cikin 100 ko fiye in ba a yi magani ba. Ka ware su, ka sa likitanka ya gwada sauran kafin ka haɗa.

Tambaya: Malam Likita, muna wanke shanunmu da maganin kaska a kan kari, da wuya ka ga kaska a jikinsu, amma Anaplasma ta kama mana uku. Ta ina ta shigo?

Amsa: 'Yar'uwa, ki tuna abin da aka yi wa garken wata ɗaya zuwa biyu kafin ta farko ta kwanta, don cutar takan ɗauki kamar mako 4 kafin ta bayyana, wani lokaci har kwana 60. An yi allurar gayya? An yanke ƙaho, ko an yi dandaƙa, ko an huda kunne? Anaplasma ba ta dogara da kaska kaɗai ba. Jinin da ya maƙale a tsinin allura ya isa, haka bakin manyan ƙudaje masu cizo.

Na faɗi wannan ne don ya taɓa faruwa a hannuna. A farkon aikina na yi wa wani garke allura da tsini ɗaya tun daga ta farko har ta ƙarshe, don rana ta yi kuma ina sauri. Bayan wata guda aka kira ni, manyan shanu sun fara yin fari, kuma da na bi lissafi sai na ga waɗanda suka biyo bayan wata tsohuwar saniya a layi ne. Ɗaya ba ta tashi ba. Tun daga ranar nake canza tsini ga kowace dabba, kayan yanka kuma a wanke jinin a tsoma a maganin kashe ƙwayoyi kafin a taɓa ta gaba.

Waɗanda suka kwanta, a bi da su a hankali. Kada a kora su da gudu ko a yi kokawar kayar da su, don jininsu ya yi ƙaranci, wahala kaɗan na iya tsayar da zuciya. A kai musu ruwa da abinci a inuwa, likita ya same su a inda suke. Sauran manyan kuma a riƙa buɗe bakinsu ana duba dasashi kowace safiya har wata biyu su cika.